Sorry to Bother You ko No Other Choice: Wanne Ya Kamata a Fara Kallo?

Mutumin da ke da daren hutu guda ɗaya da datar da ba za ta ɗauki fim biyu ba, ko kuma jami'in ƙungiyar ƙwadago da aka ɗora wa alhakin nemo abin da za a nuna wa mambobi a bikin ranar ma'aikata, idan abin da yake nema shi ne fim na barkwanci mai ɗaci wanda ke yi wa haɗamar kamfanoni zambo, akwai fina-finai biyu da suka cancanci ya tsaya a kansu. Na farko shi ne Sorry to Bother You, wanda Boots Riley ya rubuta kuma ya ba da umarni, aka sake shi a Amurka a watan Yulin 2018. Na biyu shi ne No Other Choice na Park Chan-wook daga Koriya ta Kudu, wanda aka fara nunawa a bikin fina-finai na birnin Venice da ke Italiya a ƙarshen watan Agustan 2025. Dukansu suna sa mutum dariya a wurin da ya kamata gabansa ya faɗi, dukansu kuma suna magana ne a kan abin da Bahaushe ya daɗe da taƙaitawa da cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai tambayar da kowannensu ke yi daban ce, kuma a kan wannan bambanci zaɓin ya rataya. Ya zama dole in bayyana yadda labaran biyu suka ƙare, domin ba za a iya auna su da adalci ba sai da hakan.

Labarin fim ɗin Riley yana faruwa ne a birnin Oakland na jihar Kalifoniya. Cassius Green, wanda ake kira Cash, matashi ne baƙar fata da ke kwana a garejin kawunsa, ana binsa kuɗin haya na wata huɗu, shi kuma kawun banki na shirin ƙwace masa gidan. Talaucin Cash ya kai matsayin da yake tsayawa a gidan mai ya ce a zuba masa na senti 40. Ya samu aiki a kamfanin RegalView, inda ake jera ma'aikata a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa suna buga wa mutane waya domin tallata musu kaya, kuma abin da mutum zai samu ya dogara ne da kamashon abin da ya sayar. Kwanakin farko babu mai sauraronsa, kowa ya kira sai ya kashe wayar. Wani dattijon abokin aiki, wanda Danny Glover ya fito a matsayinsa, shi ne ya koya masa sirrin sana'ar, ya ce masa ya riƙa magana da muryar farar fata. Bayanin da dattijon ya yi game da wannan murya yana daga cikin mafi kyawun abin da ke cikin fim ɗin, domin ya nuna cewa batun ya wuce lafazi: murya ce ta mutumin da ya biya duk bashinsa, hankalinsa kwance, ba ya buƙatar kuɗin wanda yake kira. Da Cash ya iya wannan murya, sai ciniki ya buɗe masa.

A daidai lokacin da tauraronsa ke haskawa ne wani ma'aikaci mai suna Squeeze, wanda Steven Yeun ya taka, yake haɗa kan 'yan ɗakin domin su kafa ƙungiya su nemi albashi da haƙƙoƙi. Cash ya shiga cikinsu a zanga-zangar farko, kuma maimakon a kore shi kamar yadda ya zata, sai shugabanni suka ɗaga shi zuwa bene na sama, sashen manyan 'yan talla. A can ne ya gano abin da kamfanin yake sayarwa a zahiri, wato makamai da kuma ƙarfin 'yan Adam. Babban abokin cinikinsu shi ne WorryFree, kamfanin da ke sa talakawa su sa hannu a kan kwantiragin aiki na tsawon rai, ya ba su wurin kwana da abinci da tufafi, babu albashi. Tallace-tallacensa na cike da murmushi a talabijin da allunan titi, amma mai kallo yana ganin gadaje jere kamar na gidan yari. Cash ya karɓi kuɗin, ya ceto gidan kawunsa, ya koma gida mai tsada, sannan kowace safiya jami'an tsaro masu sulke suna ratsawa da shi ta tsakiyar abokansa da ke yajin aiki a ƙofar kamfani. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma fim ɗin bai ɓoye cewa dalilin Cash na farko dalili ne mai kyau ba. Wannan shi ne ƙarfinsa: ya nuna yadda ake sayen ma'aikaci ɗaya mai hazaƙa a karya sauran da shi, ba tare da ya mayar da wanda aka saya mugu ba.

Kashi na ƙarshe na labarin shi ne inda masu kallo suka rabu gida biyu. A wata liyafa a gidan Steve Lift, mai kamfanin WorryFree, Cash ya ɓace hanyar banɗaki ya faɗa wani ɗaki inda ya tarar da wasu halittu a ɗaure, rabi mutum rabi doki. Lift ya bayyana masa ba tare da wata kunya ba cewa kamfanin yana sauya halittar ma'aikata da wata hoda domin su fi ƙarfi da juriya, kuma ya yi masa tayin dala miliyan 100 idan ya yarda ya zama ɗaya daga cikinsu na shekara 5, ya zama jagoransu na bogi wanda zai riƙa kwantar da su a madadin kamfani. Cash ya ƙi, ya kai hoton bidiyon halittun gidan talabijin domin ya tona asiri. Abin da ya biyo baya shi ne farashin hannun jarin WorryFree ya yi tashin gwauron zabo, aka riƙa yabon Lift a matsayin mai basira. Squeeze ne ya fassara wannan lamari, inda ya ce idan aka nuna wa mutane matsala alhali ba su san yadda za su magance ta ba, sai kawai su saba da ita. Daga nan Cash ya koma cikin masu yajin aiki, kuma da taimakon halittun nan aka karya jami'an tsaro.

Riley ya san abin da yake faɗa. Ya yi aikin talla ta waya da kansa, ya daɗe yana jagorantar ƙungiyar mawaƙa ta The Coup, kuma yana cikin fitattun masu fafutukar da ta rufe tashar jiragen ruwan Oakland a watan Nuwamban 2011. Birnin kansa yana da tarihin irin wannan gwagwarmaya, daga yajin aikin gama-gari na 1946 zuwa kafuwar ƙungiyar Black Panther mai fafutukar 'yancin baƙar fata a 1966. Ya yi fim ɗin ne a ƙasar da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi rauni matuƙa, domin a 1983 kusan kashi 20 cikin 100 na ma'aikatan Amurka suna cikin ƙungiya, amma zuwa 2023 adadin ya sauko kashi 10, a kamfanoni masu zaman kansu kuwa kashi 6 ne kacal. Saboda haka fim ɗin kira ne a fili, kuma bai yi ƙoƙarin ɓoye ɓangaren da ya ɗauka ba.

No Other Choice ya fara ne daga inda wancan bai taɓa ba, wato daga mutumin da ya riga ya samu komai. Yoo Man-su, wanda Lee Byung-hun ya fito a matsayinsa, ya yi shekara 25 a kamfanin yin takarda na Solar Paper, ya kai matsayin manaja, har an taɓa ba shi lambar yabo ta gwarzon masana'antar. Ya sake sayen gidan da ya girma a ciki, yana da mata da 'ya'ya biyu da karnuka biyu da ɗakin gilashi inda yake renon tsirrai. A fitowar farko iyalin suna gasa wani kifi mai tsada da kamfani ya aiko masa, yana ɗauka karramawa ce, ashe kyautar sallama ce. Wasu Amurkawa sun sayi kamfanin sun rage ma'aikata, kuma da ya tare su yana neman yi wa yaransa na wurin aiki magana, amsar da ya samu ita ce ba su da wani zaɓi. Daga wannan amsa sunan fim ɗin ya fito. Ya yi wa matarsa alkawarin samun aiki cikin wata 3, amma bayan wata 13 yana nan yana ɗaukar kaya a wani kanti. An rage duk wani abin jin daɗi a gidan, an kai karnuka wurin surukai, matar ta kama aiki a asibitin haƙori, an sa gidan a kasuwa.

Shawarar da Man-su ya yanke ita ce zuciyar labarin. Akwai gurbi ɗaya da yake so a wani kamfanin takarda mai suna Moon Paper, kuma ya lissafa cewa ko da gurbin ya buɗe, akwai waɗanda suka fi shi cancanta a cikin korarrun ma'aikata irinsa. Sai ya ƙirƙiri kamfanin bogi ya buga tallar neman ma'aikata, ƙwararru suka aiko masa da takardunsu, ya zauna ya jera su bisa cancanta, ya ware waɗanda suka sha gabansa, ya ɗauko tsohuwar bindigar da mahaifinsa ya dawo da ita daga yaƙin Biyetnam. Asalin labarin daga littafin The Ax ne na marubucin Amurka Donald Westlake, wanda ya fito a 1997, sunansa kuma yana nufin gatari, domin a bakin Amurkawa wanda aka kora daga aiki an sare shi ne da gatari. Darakta Costa-Gavras ya riga ya mayar da littafin fim da harshen Faransanci a 2005, kuma Park ya daɗe yana neman damar yin nasa kafin ya samu.

Abin da ke sa dariya a nan shi ne Man-su bai iya kisa ba. Yana zamewa, yana mantuwa, yana rubuta abin da zai faɗa a tafin hannunsa, ciwon haƙori na damunsa tun daga farko har kusan ƙarshe. Abin da ke kashe dariyar kuwa shi ne duk wanda ya je kashewa, kansa yake gani a madubi. Na farko mutum ne da ya faɗa shaye-shaye saboda zaman banza, wanda ya ƙi kowace sana'a in ba ta takarda ba, har matarsa ta gaji da shi. Na biyu ƙwararren injiniya ne da ya koma sayar da takalma a shago, yana durƙusawa gaban masu saye domin ya ciyar da 'yarsa. Man-su ya yi kamar motarsa ta lalace a bakin hanya da dare, mutumin ya tsaya domin ya taimaka masa, a nan ya harbe shi. A ƙarshe ya samu aikin da yake nema. Ya shiga masana'antar cike da murna, sai mai kallo ya ga shi kaɗai ne ɗan Adam a cikinta, injuna masu sarrafa kansu suna ta aiki, fitilu na mutuwa a bayansa domin inji ba ya buƙatar haske. Ba a kama shi ba, ba a hukunta shi ba, kuma matarsa da ta fahimci abin da ya aikata ta zaɓi ta yi shiru.

Idan aka ajiye labaran biyu gefe da gefe, babban bambancinsu shi ne inda fushin ma'aikaci ya dosa. A wurin Riley fushin yana hawa sama, zuwa ga mai kamfani, kuma hanyar da ya nuna ita ce haɗin kai da dakatar da aiki. A wurin Park fushin yana tafiya a kwance, zuwa ga ɗan'uwa mai neman abinci, wato an bar jaki ana dukan taiki. Ko sau ɗaya Man-su bai yi tunanin ɗaga hannu a kan waɗanda suka kore shi ba, kuma bai taɓa tunanin cewa mutanen da ya tattara takardunsu za su iya zama abokan tafiya ba, alhali yana riƙe da sunaye da adireshin ƙwararrun da za su iya kafa ƙungiya ko ma kamfani. Ina ganin wannan rashi da gangan aka yi shi, domin Koriya ta Kudu ba ƙasa ce da ta rasa tarihin gwagwarmayar ƙwadago ba. A 1970 matashin tela Jeon Tae-il ya cinna wa kansa wuta a birnin Seoul yana neman a mutunta dokar aiki, kuma a 2009 ma'aikatan kamfanin motoci na SsangYong sun mamaye masana'antarsu a Pyeongtaek tsawon kwana 77 saboda shirin korar fiye da mutum 2,600. Park ya san duk wannan, amma ya zaɓi ya nuna manajan da ya ɗauki harshen kamfani ya mayar da shi nasa, har jimlar nan ta rashin zaɓi ta zama abin da yake maimaita wa kansa kafin kowane kisa.

Haka nan sun bambanta a yadda suka zana fuskar haɗama. Steve Lift mutum ne guda, ana ganinsa, ana jin maganarsa, ana iya zuwa ƙofar gidansa, kuma a fitowar ƙarshe an je. Wannan yana gamsar da zuciya, amma yana da rauni, domin mai kallo zai iya fita yana ɗauka cewa matsalar mugun attajiri ɗaya ce. Masu kamfanin da suka kori Man-su kuwa ba su wuce daƙiƙoƙi a allo ba, sun shiga motarsu sun tafi, kuma ba a sake buƙatarsu ba domin tsarin yana aiki ko babu su. A ganina hoton Park ya fi kusa da abin da korarren ma'aikaci yake fuskanta, wanda sau da yawa bai ma san sunan wanda ya sa hannu a kan takardar sallamarsa ba. Duk wanda ya ga halin da ƙwararrun masaƙa suka shiga bayan da masaƙun Kakuri a Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000 zai gane mutumin da bai san kansa ba sai ta hanyar sana'a guda. A ɗaya ɓangaren, matashin da ke aikin wucin gadi yana bin mutane su buɗe asusu ko su sayi layin waya, ana auna shi da adadin da ya kawo a wata, a cikin ɗakin RegalView zai ga kansa.

Ta fuskar ƙwarewar aiki, tazarar a bayyane take. Sorry to Bother You shi ne fim na farko da Riley ya yi, da kuɗin da bai wuce dala miliyan 3.2 ba, ko da yake ya dawo da kusan miliyan 18 kuma ya ci kyautar Independent Spirit ta fim ɗin farko mafi kyau. Yana da dabaru masu ban sha'awa, kamar yadda teburin Cash ke faɗowa cikin ɗakin duk wanda ya kira, amma ra'ayoyin sun yi masa yawa, wasu an taɓo su an bari. Budurwar Cash, Detroit, wadda Tessa Thompson ta taka, tana da baje kolin zane a kan yadda ake wawashe ma'adinan Kwango domin ƙera wayoyi, batu mai nauyi da aka wuce da sauri. Park kuwa ya yi wannan fim ne bayan shekaru fiye da 30 yana sana'ar, yana riƙe da kyautar gwarzon darakta ta bikin fina-finai na Cannes na 2022, kuma ana ganin hakan a kowane hoto: yadda fitowa ke narkewa cikin wata, yadda kiɗa ke rufe ihun mutum uku da ke kokawa a kan bindiga ɗaya. Fim ɗinsa ya fi tsawo, minti 139 a kan minti 112 na Riley, kuma tsakiyarsa tana jan ƙafa. Akwai kuma wani abu da zai iya tsaya wa mai kallo na nan a rai, wato Man-su ba yunwa yake gudu ba, zubewar daraja yake gudu. Wanda ke rayuwa a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 zai yi wuya ya tausaya wa mutumin da ke kisa don kada ya koma gidan haya. Park bai nemi a tausaya masa gaba ɗaya ba, amma dole mai kallo ya shiga da sanin haka.

Batun harshe ma yana da tasiri a kan zaɓin fiye da yadda ake zato. Fim ɗin Riley da Ingilishin Amurka aka yi shi, kuma rabin barkwancinsa a cikin sauti yake. Muryar farar fata da Cash ke yi ba ta LaKeith Stanfield da ya fito a matsayinsa ba ce, ta wani ɗan wasa ce farar fata mai suna David Cross da aka ɗora a kan bakinsa, kuma dariyar tana fitowa ne daga rashin dacewar fuska da murya. Wanda kunnensa bai saba bambanta lafuzzan Amurkawa ba zai rasa wani kaso, idan kuma aka ɗora wa fim ɗin muryar fassara kamar yadda ake yi wa fina-finan Indiya, dabarar ta mutu ɗungurungum. No Other Choice da harshen Koriya yake, sai an bi fassarar da ke ƙasan allo, wanda ke gajiyar da wanda karatunsa ba ya sauri, amma yawancin barkwancinsa a jiki da fuska yake, ana gane shi ko ba a karanta kowace jimla ba.

Sai abin da ya fi muhimmanci ga yawancin gidajenmu, wato abin da ido zai gani. Babu ɗaya daga cikin fina-finan nan da ya dace a kalla tare da yara ko iyaye. Sorry to Bother You ya fi tsanani ta wannan fuska, domin akwai ashar daga farko har ƙarshe, akwai shaƙar hodar iblis, liyafar gidan Lift ta ƙunshi baɗala a fili, kuma halittun nan tsirara aka nuna su. No Other Choice yana da kisa da binne gawa da shan giya mai yawa, da batun cin amanar aure, da wata fitowa inda Man-su ya cire haƙorinsa da filaya wadda ke sa mutum kawar da kai. Tsiraicinsa bai kai na wancan ba, amma duhun zuciyarsa ya fi, domin mai kisa ya ci riba a ƙarshe, kuma matashin da bai iya karanta zambo ba zai iya ɗaukar darasin a juye.

Ga wanda zai kalla shi kaɗai, balagagge mai neman fim da zai daɗe yana juyawa a ransa, No Other Choice nake ba da shawara. Ya fi kyan aiki, ya fi zurfi a kan abin da rashin aiki ke yi wa mutuncin magidanci da zaman aurensa, kuma tambayar da ya bari game da injunan da ke maye gurbin mutane tambaya ce ta yau. Ga ƙungiyar ƙwadago ko ta ɗalibai da ke son abin da zai buɗe muhawara a kan yajin aiki, Sorry to Bother You ya fi amfani nesa ba kusa ba, domin duk abin da shugabannin ƙungiya ke fama da shi yana ciki: ƙarin girman da ake ba mutum ɗaya a daren yaji, mamban da ke cewa yana tare da ku a zuciya alhali yana shiga ofis, jagoran bogi da kamfani ke dasawa, da tonon asirin da ba ya sauya komai idan babu ƙarfin da zai bi bayansa. Sharaɗin shi ne wanda zai nuna ya fara kallonsa shi kaɗai, ya ware fitowar da za a tsallake. A taron jama'a ma ya fi kyau a tsaya a kan kashi biyu na farko, daga shigar Cash aiki zuwa ranar da aka jefe shi da gwangwanin lemo a ƙofar kamfani, sauran kuma a ba da shi da baki.

Idan kuwa taron na kowa da kowa ne, maza da mata da dattawa, irin wanda ake yi ranar 1 ga Mayu, ranar da jihar Kano ta fara ba da hutunta a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981, to a ajiye su duka biyun a ɗauko kakansu, Modern Times na Charlie Chaplin, wanda ya fito a 1936. Minti 87 ne, kusan babu magana a cikinsa, don haka babu buƙatar fassara. A ciki ne ma'aikaci ke ɗaure noti a kan bel mai gudu har hannunsa ya kasa tsayawa bayan an tashi, a ciki ne ake gwada masa injin ciyarwa domin kamfani ya soke hutun cin abinci, a ciki ne kuma ya tsinci jan ƙyalle da ya faɗo daga mota, 'yan sanda suka kama shi a matsayin jagoran zanga-zanga. Fitowa ɗaya ce ke buƙatar a yi wa yara bayani, inda ya barbaɗa hodar iblis a abincinsa a gidan yari yana zaton gishiri ne. Zambonsa bai kai na Riley kaifi ba, bai kuma kai na Park duhu ba, amma bel ɗin da ke ƙara gudu duk lokacin da shugaban kamfani ya ba da umarni ta allon ofishinsa, kowane lebura a zauren zai gane shi tun a minti goma na farko.